Wata takwas da barin ƙwaya, amma ina tsoron barin sigari

Assalamu alaikum Baba. Shekarata 31, haifaffen wani ƙauye ne ni a ƙasar Argungu, yanzu ina kabu-kabu a Birnin Kebbi. A fadama na fara shan tiramol, lokacin aikin shinkafa, don in wuni ina aiki ban ji gajiya ba. Daga baya na haɗa da kodin. Shekara 6 na yi a ciki. Bara na yanke jiki na faɗi a bakin titi ina karkarwa kamar mai farfaɗiya, aka kwashe ni sai asibiti. Yayana ya tsaya mini har aka yi mini magani, kuma alhamdu lillahi yau wata takwas ban sa ƙwaya a bakina ba. Har yanzu ina zuwa ganin likita, akwai maganin da nake sha da dare.

Damuwata ita ce sigari. Da can kara biyar ko shida nake sha a wuni, yanzu sai in kai 15. Ina tari, ɗiyata 'yar wata bakwai ita ma tana tari, matata ta ce hayaƙina ne. Watan jiya na gwada bari. Kwana biyu na yi, raina ya dinga ɓaci, barci ya ƙaurace mini, a dare na biyu sai na ji zuciyata tana raya mini tiramol. Na tsorata, da safe na koma wurin mai tiredar da na saba na sayi kara. Wani abokina da ya riga ni barin ƙwaya ya ce kada in kuskura in taɓa sigari yanzu, ita ce ke riƙe da ni, ba a barin abu biyu lokaci guda. Baba, in bar ta ko in ƙyale ta? A sakaya sunana.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana.

Barka da arziki. Wata takwas ba ƙwaya, bayan shekara 6 a cikinta, ba ƙaramin aiki ba ne, kuma duk wanda ya taɓa jinyar mai wannan lalura ya san haka. Allah ya saka wa yayanka da alheri. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya gano mutum miliyan 4.6 suna shan magunguna irin su tiramol da kodin ba da umarnin likita ba. Da yawansu yadda ka fara suka fara, a gona, a wurin gini, a kan mashin, suna neman ƙarfin da za su ciyar da iyali. Kai Allah ya fitar da kai da ranka.

Amsata ita ce ka bar sigari. Sai dai ba irin barin watan jiya ba, da ka tashi da safe kai kaɗai ka yanke, likitanka bai sani ba, yayanka bai sani ba, ba ka tanadi komai ba.

Abokinka ba ya nufinka da sharri. Tsoron da kake ji shi yake ji maka, kuma maganar ba shi ya ƙago ta ba. An daɗe ana faɗinta har a cibiyoyin jinyar masu shaye-shaye na Turai da Amurka: a bar wa majinyaci sigarinsa, kada a haɗa masa zafi biyu. Sai da masana suka bi diddigin maganar sannan aka ga ba ta da tushe. A 2004 wasu masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka tattara gwaje-gwaje 19 da aka yi a kan mutanen da ke jinyar giya da ƙwaya ko suka riga suka bari. Abin da suka samu shi ne, waɗanda aka taimaka wa su bar sigari a lokacin jinyar, damarsu ta daɗewa ba tare da komawa ga giya ko ƙwaya ba ta fi ta sauran da kashi 25 cikin 100. Wannan ba alkawari ba ne ga kowane mutum, amma ya isa ya nuna maka cewa hanyar da abokinka ke tsoro ba ita ce mai haɗarin ba.

Akwai kuma wani binciken da nake so ka riƙe, wanda asibitin Mayo na jihar Minesota ya fitar a 1996. Sun bi rayuwar mutum 845 da aka taɓa kwantarwa saboda shaye-shaye. Cikin waɗanda suka rasu, kusan kashi 51 cikin 100 cututtukan taba ne ajalinsu, na giya kashi 34. Bill Wilson, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa ƙungiyar AA ta masu fama da giya a Amurka a 1935, ya yi sama da shekara 30 bai kurɓi giya ba, ya zama sanadin tsirar dubban mutane, amma bai rabu da sigari da wuri ba, ciwon huhu ne ya kashe shi a 1971. Abin yana taɓa mini zuciya ƙwarai: mutum ya sha wahalar fita daga abin da kowa ke ƙyama, dangi su yi murna, sannan abin da ake ce wa ƙarami ya cinye shi a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, kuma tana iya kashe rabin masu shanta da ba su daina ba. Ba na so ka shiga wannan lissafin.

Yanzu mu koma kan waɗannan kwana biyun, don a nan tsoronka yake, kuma in ka fahimci abin da ya faru da jikinka za ka daina ganin kamar ka kasa.

Sinadarin da ke kama mutum a taba sunansa nikotin. Daga zuƙa zuwa isarsa ƙwaƙwalwa daƙiƙoƙi ne kaɗan, kamar 10 zuwa 20. Can yana sa a saki wani sinadari da ake kira dofamin, mai sa mutum jin daɗi da son maimaita abu. Tiramol da kodin ma, ko da yake ƙofar da suke bi daban ce, wannan sashen na ƙwaƙwalwa suke motsawa. Shi ya sa da ka bar ƙwaya sigarinka ya tashi daga shida zuwa 15. Ƙwaƙwalwar da ta saba da abu biyu ta rasa ɗaya, sai ta ninka neman ɗayan. Nikotin kuma ba ya daɗewa a jini, cikin kamar awa biyu rabinsa ya tafi, jiki ya fara ƙorafi, ka ji ƙunci, ka kunna wani karan, ka ji sanyi a ranka. Wannan natsuwar da kake ji bayan ka zuƙa, ƙuncin da rashin nikotin ya jawo ne ya lafa na ɗan lokaci. Ita ta kawo ƙuncin, ita ta ɗauke shi, sai mutum ya ɗauka magani ce.

Idan aka daina, wahalar tana kaiwa ƙololuwa a rana ta biyu zuwa ta uku: saurin fushi, rashin barci, yunwa, ciwon kai, kasa tattara hankali. Daga nan sai ta fara sauka, kuma ga yawancin mutane cikin sati biyu zuwa huɗu mafi yawanta ta wuce. Ka ga ke nan a daidai wurin da ya fi tsanani ka juya. Tunanin tiramol da ya zo maka a daren kuwa, ban ɗauke shi da wasa ba, kai ma kada ka ɗauke shi da wasa. Amma ka lura da yadda ya zo: ka kwana biyu ba barci, ranka a jagule, kana kwance kai kaɗai da tunaninka, sai ƙwaƙwalwa ta tuno abin da ta saba gudu zuwa gare shi shekara 6. Ka kuma lura da abin da ka yi. Ba ka sha ba. A cikin mafi munin dare, ba shiri, ba mataimaki, ba ka sha ba. Wannan yana gaya mini cewa abin da ke riƙe da kai yana cikinka, yana cikin maganinka, yana cikin mutanen da suka tsaya maka.

Akwai jimla ɗaya a wasiƙarka da ta fi komai tsaya mini a rai: mai tiredar da ka saba. Ka tambayi kanka gaskiya, su wa ke zama a bencin tiredar nan? A ina kake kunna karan farko na yamma, kuma da wa? A garuruwanmu sau da yawa inda ake sayar da kara, nan kusa ake samun ƙwaya, majalisar guda ce, fuskokin su ne dai. Shekara 6 kana haɗiyar tiramol ka bi ta da hayaƙi, har ƙwaƙwalwarka ta ɗaure su wuri ɗaya, warin ɗaya yana tuna mata ɗayan. Dabbar da aka kwance wa dabaibayi amma aka bar igiyar wuyanta a jikin tsohon turke, iyakarta zagaye wurin. Sigari ce igiyar da ta rage, ita ke mayar da kai bencin nan sau da yawa a wuni. Dokar hana yaɗuwar taba ta 2015 ta haramta sayar da sigari kara-kara, sai dai kwali, ta kuma haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Kai ka san yadda ake bin dokar a tasha da bakin kasuwa. Ga ɗan kabu-kabu kuwa, wanda canji ba ya rabuwa da aljihunsa, sayen kara ɗaya ya fi shan ruwa sauƙi. Don haka barin sigari a wurinka ya haɗa da sauya inda kake tsayawa jiran fasinja, ko da sabon wurin bai kai tsohon ciniki ba a farko.

Abu na farko da za ka yi, kafin ka sa rana, shi ne ka gaya wa likitanka. Wannan ba maganar ladabi ba ce kawai, akwai dalilai na lafiya masu nauyi.

Ba ka faɗi sunan maganin da kake sha da dare ba. Hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa saurin narkar da wasu magunguna, cikinsu har da wasu da likitocin ƙwaƙwalwa ke bayarwa, irin waɗanda za ka ga an rubuta olanzapine ko clozapine a jikin kwalinsu. Mai shan sigari in ya daina, maganin yana taruwa a jininsa fiye da da, sai ya ji kasala da barci mai nauyi da jiri, wani lokacin abin ya fi haka. Mutumin da ke tuƙa mashin da fasinja a bayansa ba zai yi wasa da wannan ba. Likita ne zai duba ko sai an rage maka. Kada ka rage da kanka, kada kuma ka daina.

Sannan akwai faɗuwar da ka yi bara. Tiramol sananne ne wajen jawo irin wannan jijjigar, musamman manyan nan da ake shigowa da su ta bayan fage. Ɗaya daga cikin magungunan da ake bayarwa don barin sigari, wanda ake rubuta bupropion a kwalinsa, shi ma yana ƙara haɗarin jijjiga, kuma ba a ba wanda ya taɓa yinta. Idan wani a kemis ya miƙo maka shi, ka ce a'a. Akwai wani mai suna varenicline, shi ma sai likita ya auna lamarinka. Abin da ya fi sauƙi shi ne maganin da ke ba jiki nikotin tsantsa ba tare da hayaƙi ba: akwai filasta da ake mannawa a fata da safe, akwai cingam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna tun 2009. Kada sunan nikotin ya tsorata ka. Shi ke kama mutum, amma sankara da lalacewar huhu daga hayaƙin suke fitowa, wanda ke ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki masu jawo sankara. Cingam ɗin ba a tauna shi kamar na yara: a ɗan tauna har a ji yaji-yaji, a ajiye shi a gefen kumatu, in ya lafa a sake taunawa. Ba kowane kantin magani ke da su ba, kuma suna da ɗan tsada, sai ka tambayi likita ko babban kantin magani. In ba su samu ba, kada ka ce an fasa. Mafi yawan waɗanda suka bar sigari a duniya ba da magani suka bari ba.

Abin da nake roƙonka da babbar murya shi ne kada ka je kemis neman maganin barci a daren da barci ya ƙi zuwa. Nan ne ramin yake. Ƙwayoyin barcin nan da ake miƙa wa mutane ba takarda su ma suna kama mutum, kuma su ne gajeriyar hanyar komawa gidan jiya. Haka nan kada ka ce za ka musanya da shisha, ko tabar gari ta shaƙa ko ta sa wa a baki, balle wiwi. Shisha taba ce, ga kuma hayaƙin gawayi a kai, ruwan da ke cikin tulun ba ya wanke gubar.

Ga wani abu da mutane kaɗan suka sani, kuma ina zaton yana da hannu a rashin barcinka na watan jiya. Yawancin masu barin sigari a nan ƙasar goro suke kamawa, ko su ƙara shayi mai kauri da Nescafé a wurin mai shayi. Goro da shayi da kofi duk suna ɗauke da kafin, sinadarin da ke hana barci. Shi ma hanta tana saurin fitar da shi a jikin mai shan sigari. Da ka daina, goron da ka saba ci zai yi maka aiki kusan ninki, ka ji zuciyarka tana bugawa, hannunka na rawa, ido ya bushe. Sai ka ɗauka jikinka ne ke neman ƙwaya. Ka rage goro da shayi zuwa rabi a satin farko, kuma daga la'asar kada ka taɓa su.

Idan ka gama da likita, ka sa rana, cikin sati biyu, kada ta yi nisa har zuciya ta yi sanyi. Ka zaɓi lokacin da ba biki, ba rigima, ba bashin da ke binka a wuya. Wasu sukan rage kaɗan-kaɗan kafin ranar, wasu su yanke gaba ɗaya, duka suna aiki, muddin akwai ranar da daga ita babu ko zuƙa ɗaya. Daren jajibirin ranar ka fitar da kwali da ashana da laita daga gidan da aljihun rigunanka da ƙarƙashin kujerar mashin. In zai yiwu ka huta aiki kwana ukun farko, ko ka yi rabin wuni, domin mai fushi da rashin barci bai kamata ya shiga cunkoson titi ba. Ka sa yayanka ya san ranar, ya riƙa leƙo ka ko ya kira ka da dare, musamman dare na biyu da na uku.

Ƙishirwar taba tana zuwa ne ta wuce, mintuna kaɗan take yi, ko ka sha ko ba ka sha ba. Aikinka shi ne ka tsallake waɗannan mintunan. Ka riƙe asuwaki a aljihu, yana ba hannu da baki abin yi, ga lada. Ka ajiye gorar ruwa a mashin. In ta taso kana zaune, tashi ka taka, ko ka yi alwala, ko ka kira wani. Wuraren da ta fi kai hari ka san su: bayan cin abinci, da shayin safe, da jiran fasinja, da bayan cacar baki da wani a kan kuɗin mashin. Kowannensu ka tanadar masa abin da za ka yi tun kafin ya zo. Kuɗin da kake kashewa a kara 15 kuma ka lissafa da kanka, ka riƙa ba matarka kullum da yamma ta ajiye. A ƙarshen wata ku buɗe tare.

Ka kuma tuna kana da horon da mutane da yawa a duniya ba su da shi. Duk Ramadan kana yin awa 13 ko fiye ba ka zuƙa ba, wata guda cur. Idan azumi ya kusa lokacin da kake karanta wannan, to ka haɗa ranarka da shi, ka kiyayi karan bayan buɗa-baki, wanda shi ke rushe wa mutane aikin wuni. In kuwa da saura, azumin Litinin da Alhamis zai taimaka, bayan ka tambayi likita yadda za ka tsara maganinka. Malamai da yawa na wannan zamani sun tafi a kan haramcin taba saboda cutarwarta, suna kafa hujja da faɗin Allah a Suratul Baƙara cewa kada ku jefa kanku cikin halaka, wasu kuma sun tsaya a kan karhanci. Na kawo wannan ne don ka sa niyyar ibada a cikin barin, ba don in ɗora maka wani nauyin laifi a kan wanda kake ɗauke da shi ba.

Maganar ɗiyarka ba za ta jira ranar da ka sa ba. Matarka ta yi gaskiya. Hayaƙin da jariri ke shaƙa yana jawo masa ciwon huhu da ciwon kunne da asma, yana kuma ƙara haɗarin mutuwar fuju'a a cikin barci. Daga daren yau babu sigari a ɗaki, babu a tsakar gida, babu a zaure. Buɗe taga ba ya wadatarwa. Hayaƙi yana maƙalewa a riga da hannu, don haka ka wanke hannu ka sauya riga kafin ka ɗauke ta. Ku kai ta asibiti a duba tarin, kuma in kun ga numfashinta yana sauri, ko haƙarƙarinta yana lotsawa ciki, ko ta ƙi kama nono, to a ranar za ku tafi, ba sai gobe ba. Kai ma tarin da ya kai sati biyu ana gwada shi don tarin tibi, mai shan sigari ya fi saurin kamuwa, kuma gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Da jaririya a ɗaki, wannan gwajin wajibi ne a kanka.

Jiki kuwa yana saurin gode wa mai shi. Cikin awa 12 da karan ƙarshe, iskar gubar nan ta kabon monoksaid, irin wadda ke fita daga salansar mashin, tana sauka a jini zuwa yadda ya kamata. Cikin sati biyu zuwa wata uku numfashi yana ƙaruwa. Tari kan iya ƙaruwa a farko yayin da huhu ke fitar da datti, sannan ya ragu. Bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya yana komawa kusan rabin na mai sha. Za ka ji abinci ya yi daɗi, wataƙila ka ɗan yi ƙiba, wannan ba abin damuwa ba ne.

To idan ka zame fa? Mai yiwuwa ne, kuma gara mu yi maganarsa yanzu. Yawancin waɗanda suka rabu da sigari sai da suka gwada sau da dama. In ka wayi gari ka sha kara ɗaya, kara ɗaya ka sha. Watanninka takwas suna nan daram, ba abin da ya taɓa su. Ka jefar da sauran, ka duba me ya kai ka, ka ci gaba a ranar. Tunanin da zan gargaɗe ka da shi shi ne wanda ke cewa tunda an ɓata a ɓata gaba ɗaya. Sigari da ƙwaya ba matsayinsu ɗaya ba a wannan tafiyar. Jikinka ya manta da tiramol, adadin da kake haɗiya a da ba tare da ka ji komai ba yanzu zai iya tsayar maka da numfashi ko ya sake kayar da kai. Mutane da yawa a irin wannan komawar suke rasa ransu. Saboda haka in har wani dare ya zo da ka ga ƙafarka za ta kai ka wurin mai ƙwaya, kuma ba ka samu kowa a waya ba, na fi son ka wayi gari ka ce mini ka sha sigari a kan ka ce ka sha tiramol. Sai mu sake shiri da likita, mu sake sa rana.

Idan tunanin ƙwaya ya yi ƙarfi ya ƙi tafiya, ko baƙin ciki ya rufe ka kwanaki, ko ka fara jin rayuwa ba ta da amfani, kada ka jira ranar da aka rubuta maka a kati. Ka koma asibitin da kake zuwa a ranar. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato yana karɓar masu jinyar shaye-shaye, kuma ba shi da nisa sosai daga Birnin Kebbi. Hukumar NDLEA ma tana da layin kira kyauta, 0800 1020 3040, inda ake samun masu ba da shawara.

Ka karanta wa matarka wannan sashen, ko ka ba ta ta karanta. 'Yata, sati biyun farko za ki ga mijinki yana faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, yana juyi a shimfiɗa, yana cin abinci kamar ba ya ƙoshi. Ba ke ba ce, kuma ba ƙwaya ya koma ba, jikinsa ne ke neman abin da ya saba. Ki yi haƙuri da ɓacin ran, amma haƙurin bai haɗa da zagi ko duka ba, in abin ya kai nan ki sanar da yayansa. Kada ki riƙa shinshinar rigarsa ko ki tuhume shi a gaban mutane. In ya zame ya gaya miki, ki karɓi maganar da sanyi, don gobe ma ya iya gaya miki. Ki tanadar masa gyaɗa ko aya ko rake, abin da baki zai yi aiki da shi da dare. Ke ma ki samu wata babba a danginki da za ki riƙa sauke mata abin da ke ranki, domin shekarun nan ke ma kin sha naki.

Allah ya ba ɗiyarku lafiya, ya ƙara maka ƙarfin zuciya. Ka rubuto mini bayan ka ga likita, in ji abin da ya ce game da maganin dare da kuma ranar da kuka tsayar.